Sunayen da Saleh Ya Rera

Masaka

Baban Kauthar,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, gwargwadon lafiyar da ake samu a inda suka tsare ka. Tunda sun hana ka waya, ga ni na koma rubutu kamar 'yar firamare.

Wai kai ne ɗan leƙen asiri! Kai da ko tsaraba ka ɓoye mini sai ka tona kanka kafin la'asar. Na ce kada ka bi sojoji fagen fama da gurminka, ka ce ai nishaɗi kawai za ka ba su. To ga nishaɗi nan.

Lauya ya ce hujjarsu ɗaya ce, waƙar nan da ke yawo a wayoyi. Hayaniya ta yi yawa a cikinta, in ka ce ba muryarka ba ce, ba mai iya tabbatarwa. Don Allah faɗi haka ka dawo gida. Kewarka ta ishe ni.

Matarka,
Hadijatu

Abuja

Maman Kauthar,

Wa alaikumus salam, bayan gaisuwa mai tarin yawa. Ki shafa mini kan yarinyata.

Kin san ƙa'idar sana'armu: ba a rufe waƙa sai an kira mutum, an kira mahaifiyarsa, an faɗi inda yake zaune. Samarin sojojin nan sun daɗe ba labarin gida. Suka kewaye ni, kowa na cewa, "Oga, sa sunana, mamana ta ji ina raye." Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na kira ƙauyen da suka yi sansani. Wani ya ɗauka a waya. Ba a jima ba aka auka musu.

Wallahi ban sayar da kowa ba. Maganar lauya kuwa, ina juya ta. Ni ma tuwonki nake mafarki, har da mitarki.

Naki,
Saleh

Abuja

Maman Kauthar,

Sallama da gaisuwa. Gara da kika ji shawara ba ki zo kotu ba.

Na shiga da niyyar musantawa, Allah shaida. Aka kunna waƙar. Da aka kai "Friday ɗan Lucia", sai wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Na'am, ga ni." Ba kuka ta yi ba, amsawa kawai ta yi. Daga unguwar Dutse Alhaji ta zo. Ba a kawo mata gawar ɗanta ba, wannan baitin kaɗai ta samu.

Alƙali ya tambaye ni ko muryata ce. Hadijatu, in na ce a'a, to wa zai zame mata shaidar da ya ga ɗanta da rai yana dariya? Na ce tawa ce. Lauya ya dafe kai. Ranar Alhamis za a yanke hukunci.

Ki yafe mini.

Saleh

Masaka

Baban Kauthar,

Wa alaikumus salam. Ban yafe ba tukuna. Mai hali ba ya barin halinsa, ni kuma shi na aura.

Kauthar ta tambaye ni ko da kai za mu dawo daga kotu ranar Alhamis. Na ce ta sa takalmi mai daɗin tafiya, ƙila mu riƙa zuwa duba ka a gidan yari.

Allah Ya kai mu.

Hadijatu