Rigar Da Ke Cikin Hoton

Birnin Lima, ranar Lahadi

Mamita,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Dankalin bana ya yi kuwa? A gaida Papa da su Nicanor.

Ni lafiya lau. Ina wanki a gidan wasan kwaikwayon Doña Amparo. Sabulu ya ɗan cinye min hannu, ba wani abu ba ne. Ba ta barina in fita, wai Lima haɗiye yara take yi.

Kullum wasa ɗaya suke yi: yaron gida ya sa rigar maigidansa ya je neman aure, ana ta dariya. Ta bayan labule nake kallo.

Rigar silikin da ke hoton da Doña Amparo ta aiko muku, ta wasan ce. Cewa ta yi, "Ɗago kai, 'yar ƙauye, ɓoye hannuwan nan, uwarki ta ga ana kula da ke."

An ce Teófilo mai nemana ya gani, wai na fi ƙarfinsa yanzu, har ya daina kawo miki itace. Mamita, kunya ba za ta bar ni in rubuta masa ba. Ki sake nuna masa hoton, ki ce ya duba inda na sa hannuwana.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Eulogia