Akwati Mai Shan Iska

Wurno, daren Laraba.

Kowa lafiya, sai Malam da ke fama da mura. Yau ɗiyata Hadiza ta kawo jerin kayan kwamfutar da za ta haɗa, na karanta da kaina sannu-sannu. Kuɗin albasarmu ba za su ɗauki duka ba, ita kuwa rufaffen akwatin gilashi mai fitilu take so ta saka kayan a ciki.

Na ce, "Ke, mi ka samun albasa in an rufe ta ba iska?"

Ta ce, "Inna, kwamfuta ba albasa ba ta!"

Ta kira mai shagon a Sakkwato. Ya ce da zafin garinmu, akwati mai ramuka ya fi, ga araha, har da rarar kuɗin sayen fanka biyu. Ina dai tsoron abin ya ƙone, amma yau Hadiza da kanta ta soke na gilashin, ta rubuta mai ramuka a jerin.