Ita ta koya min poka, ni aka kira 'yar caca

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, mu Hausawan Madina kowa ya san kakar kowa. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, ba na son wanda zai duba layi biyu ya rubuto min "ki yi haƙuri" ya wuce.

Ni a nan aka haife ni, a Ƙuba na tashi a hannun yayar mahaifiyata, muna ce mata Khala. Na gama sakandare ban ci gaba ba, ina aiki a wani shagon turare a Sultana. Khala tana da 'ya, zan kira ta Amal duk da ba sunanta ba ne, ta girme ni kaɗan, ɗaki ɗaya muke kwana har ta yi aure. Yanzu tana da jariri, kuma aurenta igiya ɗaya ta rage, don sau biyu mijin yana sakinta yana mayarwa. Ku riƙe wannan, shi ne maganar.

Bara lokacin cirar dabino muka je gonar da mijin Khala yake kula da ita a Awali. Bayan la'asar ba abin yi, sai Amal ta zaro karta daga jaka ta ce zo in koya miki wasan manya, sunansa poka. Ta ba ni kati biyu ta ce na ɓoye, ta jera biyar a tsakiyar tabarma a kife ta ce waɗannan na kowa ne. Za a buɗe uku lokaci guda, sai ɗaya, sai na ƙarshe, kowane zagaye ko ki ƙara, ko ki bi, ko ki jefar da katinki ki fita. A ƙarshe ki haɗa biyar mafi ƙarfi daga naki da na tsakiya. Ƙwallon dabino muka yi kuɗi da shi. Ni da gajen haƙuri, kullum sai na tura duka tun kafin a buɗe na huɗu, ita kuma ta kwashe tana min tsiya, wai "ke matsalarki fuskarki, in kin samu sarki biyu har kunnenki dariya yake." Ta koya min burga, yadda za ki cika baki ba ki da komai har mai kati mai kyau ya tsorata ya gudu. A lokacin ban gane darasin rayuwarta take karanta min ba.

Daga baya ta ce akwai shi a jawwal, wato a waya, ana yi da mutanen duniya, ba kuɗin gaske ba ne, cips ne kawai. Ta ce a buɗe akawun da lambata don mijinta yana duba saƙonninta. Lambar sirri ta shigo wayata, na karanta mata da bakina. Ni ma na taɓa shiga in shago ba kowa, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ita ce ta nutse, tana zama tebur da maza ana hira ana tura dariya.

Wata rana mijin ya ɗauki wayarta ya tarar da teburin a buɗe da hirar mazan. Nan take ta ce ba nata ba ne, nawa ne, wai ina aron wayarta in na zo, ya duba lambar ya gani. Ya kira lambar, tana ringin a aljihuna ina tsaka da nuna wa wata mata turare. Aka tara mu a falon Khala. Kafin a zauna Amal ta ja ni kicin ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce habibti ki rufa min asiri, kin san saura igiya ɗaya, ke ba wanda zai sake ki, kwana biyu za a manta. Na dubi jaririn a kafaɗarta na yi shiru. Mijin ya wanke ni tas a gaban kowa, ya ce na shigo masa da caca gida a garin Manzo, Khala ta sunkuyar da kai kamar ita aka kama. Sannan ya juya ya ce, kowa ya shaida, in har Amal ta taɓa buɗe wasan nan daga yau, to a bakin aurenta.

Ba a manta ba. Ƙanwar mijin Amal maƙwabciyar mahaifiyar saurayina ce. Yaron nan yana aiki a kantin magani, an riga an yi gaisuwa, ana maganar sa rana. Mahaifiyarsa ta aiko cewa ba za a kawo mata 'yar caca ta haifa mata jikoki ba. Shi kuma ya turo min saƙo mai tsawo cike da "wallahi ba a son raina ba", khalas, zance ya mutu. Na je gidan Amal na ce ta taimake ni ta je ta samu tsohuwar nan ita kaɗai, ta gaya mata gaskiya, ba sai mijinta ya ji ba. Tana ninke kayan jariri ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ai wanda zai gudu a kan wannan dama ba miji ba ne, Allah zai kawo wani. Da na matsa sai ta ce ita fa ba ta tuna ta roƙe ni komai a kicin ba, ni ce na zaɓi yin shiru.

Daga ranar na zauna na koyi wasan nan da gaske. Na kalli bidiyo, na haddace wanne ya fi wanne, na koyi cewa wanda ya zo ƙarshe a zagaye ya fi kowa ganin hanya, na koyi jefar da kati sau goma ina jiran guda. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce. Na san Amal ba za ta daina ba, na san ta kamar yunwar cikina. Na buɗe sabon akawun da sunan wata 'yar Jidda, na dinga zama teburin tsofaffin abokan wasanta, har wata sabuwar 'yar wasa ta bayyana. Zagaye kaɗan na gane Amal ce. In ba ta da komai ita ce mai saurin ƙarawa, in tana da kati mai kyau sai ta yi lis tana jan lokaci, in ta ci ta tura fuskar dariya uku. Na bar ta ta cinye ni sau da yawa don ta so ni, muka zama ƙawaye, muna hira da Larabci. Rannan na tambaye ta ko mijinta bai hana ta ba. Ta rubuto min cewa ya taɓa kama ta amma ta ɗora wa wata sakarar ƙanwarta, ita ba ta da abin rasawa. Na karanta wannan a tsaye a shago, sai da na shiga bayan kantar shagon na zauna a ƙasa.

Juma'ar da ta wuce duk muna gidan Khala cin abincin rana kamar kullum. Ina zaune gabanta na tura mata gayyatar tebur daga wancan akawun. Ban tura don Allah ba, tarko na ɗana, gara in faɗa da kaina. Jakarta ta yi ɗan motsi, ta miƙe ta ce bari in shayar da yaro, ta shige tsohon ɗakinmu. Sai ga ta a tebur. Na bi ta a hankali, ƙofar ba ta rufu duka ba, na ɗauke ta bidiyo, yaro a cinya, wata ƙaramar waya da ba wanda ya san da ita a hannu, katunan a fili. Mijin yana falo yana cin kabsa yana ba Khala labarin yadda Amal ta nutsu tun da aka raba ta da ni.

Yanzu bidiyon yana wayata tare da hoton abin da ta rubuta a kaina. In na tura masa auren ya ƙare ke nan, babu kome, za ta dawo ɗakin nan da jaririnta, kuma Khala da ta riƙe ni tun ina rarrafe ita za ta ɗauki nauyin. Na yi tunanin in nuna wa Amal ita kaɗai in tilasta ta je ta wanke ni wurin tsohuwar can, amma duk abin da ya shiga gidan tsohuwar sai ya fita ta katanga ya isa kunnen mijin, ƙarshen dai ɗaya ne. Kuma ni saurayin ma ya fita raina, sunana nake so a dawo min da shi, a falon da aka zubar da shi.

Masu ilimi a cikinku ku gaya min, da wannan sharaɗin da ya gindaya, sakin ya riga ya auku tun ranar da ta fara komawa? In ya auku, shirun da nake yi ba zunubi ba ne? In kuma na faɗa, alhali na san ba tsoron Allah ne ya sa ni ba, so nake in ga fuskarta, ya hukuncina yake? Mata kuma ku gaya min tsakani da Allah, in ke ce za ki goge bidiyon nan saboda jariri da Khala, ki ci gaba da amsa sunan 'yar caca har ki tsufa a gida?

Jibi Amal da mijinta za su zo cin abinci, kuma Khala ta ce ni zan zuba musu shayi.