Bulon Daɓenku da Rijiyar Gidanmu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin da ke buga bulon daɓe da ragowar ƙasar ma'adinai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni ne Sani ɗan unguwar Briqueterie, wanda ya yi staj, wato koyon aiki, a labonku na gwaje-gwaje bara, bayan na gama karatun kimiyyar sinadarai. Sau uku ina kawo takarda ofishinku ba amsa, shi ya sa na rubuto a fili.

1. Ni na gwada bulonku da hannuna. Kun koya mini cewa siminti yana ɗaure dalma da sauran ƙarafa masu guba da ke cikin ƙasar nan, ba sa fita. Muka jiƙa bulon a tataccen ruwa, muka auna, ba mu ga komai ba. Na sa hannu a takardar sakamakon.

2. Da wannan takarda na shawo kan Inna, mahaifiyata, muka daɓe tsakar gida har bakin rijiya. Tun da famfo ya koma kawo ruwa sai ya ga dama, gida huɗu ke ɗiba a rijiyar nan.

3. Abin da ban tuna ba ina labo, ba tataccen ruwa ake zubarwa a tsakar gidanmu ba. Inna koko take sayarwa. Kowace safiya a nan take tsiyaye ruwan tsamin gasara, ranar kunu kuma ga na tsamiya. Wurin ya fara zaizayewa, in ka murza da yatsa gari yake yi.

4. Na jiƙa gutsuren bulon a ruwan tsamin, wani abokin karatuna ya auna mini. Dalma ta fito. Muka sake, ta sake fitowa. Ruwan rijiyar kuwa, gwajin farko ya nuna alama, na biyu bai nuna ba.

A nan kaina ya kulle, ranka ya daɗe. Gwajinmu ne bai dace da gida irin namu ba? Ko an rage siminti ne da ya yi tsada? Ban ce kun rage ba, tambaya nake yi. Mai yiwuwa ma ni na yi kuskure, amma ban san a wane gwajin ba.

Roƙona shi ne ku turo wanda ya fi ni sani ya auna rijiyar, ku sake gwada bulon da ruwa mai tsami, ku kuma dakatar da sayar da shi ga gidaje masu rijiya kafin sakamako ya fito.

Kwana tara ke nan da na rufe rijiyar da kwanon rufi. Inna ba ta dama koko ba tun ranar, maƙwabta sun fara yi mata magana. Ta ce ni ne na yi karatu, in faɗa mata ta ɗiba ko kada ta ɗiba. Amsar kuwa tana hannunku.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka ruwan da iyalinka ke sha.

Wassalam.

Sani, Briqueterie, Yaoundé