Ni aka aika biko, ni na kai ta kotu

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar shafin nan. Don Allah a ɓoye sunana. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, in ya so ya zaga.

Ni 'yar Azare ce, malamar firamare. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana dukan matarsa. Ba mari nake nufi ba, duka wanda ko jaki aka yi wa sai maƙwabta sun yi magana. Ita Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Katagum, bari in kira ta Dija. Ga kunya kamar ta kashe ta, ko sunansa ba ta iya faɗa, balle ta ce ya doke ta. In abin ya ishe ta sai dai ta yi yaji. To da yake ni ce mai jin Fulatanci a gidanmu, duk yajin da ta yi ni Hajiyarmu ke haɗa wa goro da turmin atamfa in tafi biko. In durƙusa gaban Baffanta in yi ta zuba zaƙin baki har ya ce Dija tashi ki bi ƙanwar mijinki. Da hannuna nake maido wa Yaya ita. Wallahi in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan karon da na je biko na same ta kwance, haƙarƙari ɗaure da zani, ido ɗaya ba ya buɗuwa. A gaban Baffa ta ce saniya ce ta harbe ta. Wace saniya ce a gidan Yaya a tsakiyar Azare? Tsoho ya karɓi goronsa ya ce ta shirya. Sai da motarmu ta kama hanya ta riƙe gefen mayafina ta ce min a hankali, "In kika maida ni, gawata za ki rako gida."

Muna sauka tasha ban nufi gida ba. Asibiti na kai ta, likita ya duba ya rubuta abin da ya gani, na ɓoye ta wurin wata abokiyar aikina. Wata lauya ta fahimtar da mu cewa duka laifi ne a doka ko da mijinki ne ya yi, kotu na iya hana shi zuwa inda take, kuma in cutarwa ta tabbata alƙali na iya raba auren ko bai so ba. Ni na raka ta ta shigar da ƙara. A gida kuwa na ce a tasha ta sulale min. Na yi wa uwata ƙarya, Allah ya yafe min. Amma nadama? Ko ta sisin kwabo ban yi ba.

Sammaci na zuwa gida ya hargitse. Yaya na ta rantsuwa sai ya gano munafukin da ya zuga ta, ni ko ina gefe ina tankaɗe abina. Yanzu lauya ta ce takardar likita rauni ta nuna, ba ta nuna wanda ya yi shi ba, sai da shaida, kuma ni ce na sha gani da idona. Hajiya, da ba ta san da hannuna a ciki ba, ta kira ni ɗaki ta ce ranar Litinin in je kotu in ce a bakin rijiya Dija ta faɗi. Na ce Hajiya rantsuwa fa za a sa ni. Ta dube ni ta ce, "Ɗan uwanki ne. In kika tona masa asiri ban yafe miki nonona ba."

Kar wanda ya ce min a sasanta a gida. Sasantawar gidan ce ta kai mu nan. Kotu zan je, gaskiya zan faɗa, wannan kam na gama magana. Hajiya ce damuwata. Tsohuwa mai hawan jini, za ta zauna a benci tana jiran in ceci ɗanta. In faɗa mata kafin Litinin ta tsine min a ɗaki, ko in bari ta ji daga bakina a gaban alƙali? Malamai da lauyoyin shafin nan, ni 'yasu, me zan yi?