Mutuniyar Dada a Bakin Teku

Gaya, watan Rajab, 1961

Zuwa ga mahaifiyata Dada, a Kebbe.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya, idon naki kuma da sauƙi. Ina gaida ƙanwata Hauwa'u, wadda na san ita za ta karanta miki wannan, da mijinta da yaranta. Mu nan lafiya lau, sai kewar gida.

Na san ba labarina kike jira ba, to bari in fara da mutuniyarki. Tana ci tana sha. Kin san bakina ba ya kiran sunanta, alƙalamina ma ya ƙi. 'Yar fari ce, kuma ke kika hore ni da wannan kunya. Tun yaye take hannunki, ga shi har ta fara famfara, ita ce idonki ita ce sandarki. Ban manta da sharaɗinki ba: aronta kika ba mu don kakanta na wajen uba ya gan ta, kuma a maido miki da ita kafin a yi shuka.

Allah ya yafe mini, amma har yanzu ina jin haushin tsohon nan. Mutum ya tafi fataucin goro tun ɗansa na rarrafe, ya share wuri ya zauna a Ankara ta ƙasar Gana, bai waiwayo ba, sai da tsufa ya kayar da shi ya tuna yana da jikoki. Mu kuma muka kwashi yara uku muka kama hanya.

Da muka sallami masu jakuna a Tambuwal, motar albasa muka samu zuwa Jega. Almu ya yi ta amai, Atu na bayana tana tsala kuka, warin albasa kuwa har yau bai bar zannuwana ba. Daga nan tafiyar ta zama ta wanzami. Duk garin da muka sauka sai maigidan ya buɗe zabirarsa a gindin bishiya, ya yi aski ya yi ƙaho, in abin mota ya samu mu ƙara gaba. Shi in dai akwai kai da gashi, to ya samu gari. A Kamba muka fi daɗewa. Yanzu mun tsallako iyaka zuwa ƙasar da Faransa ta bari, muna bakin Kwara. Almu ya tsaya yana kallon ruwan, ya tambaye ni wa ya zubar da shi.

Mutuniyarki kuwa tun daga Tambuwal take hawaye, ba ta kuka da murya. Mata cike da mota suna kallona, ya zan yi? Na kau da kai. In na dama fura sai in ba Almu ya miƙa mata. Adda take ce mini, yadda ta ji Hauwa'u na faɗa. Ba ta yarda ta hau tabarmata, ƙunshin kayanta take matashi da shi, wai kada a tafi gida a bar ta. Abin yana cina, Dada, amma ban nuna ba.

Wani mai kai kifi Jega zai biyo da takardar nan. Ki sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Zahara'u

Kwatano, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Dada.

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai taɓa miki ƙafa ba. Hauwa'u, ki riƙa leƙa ta da safe, tunda mai ɗebo mata ruwan alwala tana nan wurinmu.

Mun shiga jirgin ƙasa daga Faraku. Yaran sun ga abin da ko ke ba ki gani ba: dajin da rana ba ta ratsa shi, da doya kamar cinyar mutum. Almu ya saba da manja har ya fara raina mana man shanu. Gero kuwa sai a mafarki.

Wani abu ya faru a jirgin da nake so ki sani. Wata mai sayar da kanwa, Bahausar zango, ta zauna kusa da mu. Ta ga ina tsefe wa mutuniyarki kai, sai ta ce kamarmu ɗaya, ɗiyata ce? Na amsa yadda kowace mace ta garinmu za ta amsa, na ce ɗiyar tsohuwata ce. Matar ta gane, ta yi murmushi. Yarinyar ce ba ta gane ba. Da muka sauka a zangon Kwatano na ji ta bayan zana tana gaya wa yaran gidan, “Ni ba ni da inna, sai Dada. Wagga ai Adda ta.” Ba da fushi ta faɗa ba. Faɗa ta yi kamar mai ba da labarin sunan garinsu.

Matan gidan suka yi dariya, ni ma na taya su, don haka ake yi. Tuwon ranar dai ya ƙone. Na gaya wa ubanta, ya ce girma zai sanar da ita, ya ci gaba da wasa askarsa. Namiji ke nan.

Ba laifi nake ɗora miki ba. Ni na zaci yaro na sanin uwarsa ko ba a faɗa masa ba, yadda na ga kowa ya sani a Kebbe. Ashe a gida gari ne ke faɗa masa; a hanya babu mai faɗa. Na yi niyyar in kira ta gefe in yi mata bayani, sai in ga ban san da bakin da zan fara ba.

Gobe za mu nufi Lome. A gaida kowa da kowa.

Ɗiyarki,
Zahara'u

Ankara, bayan ƙaramar salla, 1962

Zuwa ga Dada.

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa. Kafin komai, ki kwantar da hankalinki: mutuniyarki tana raye, tana nan gabana tana wasa da Atu. Hauwa'u, ki maimaita mata wannan kafin ki ci gaba.

Mun tarar da tsohon da sauran numfashi. Ya shafa kan jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi kuka, ya tambayi mutanen Kebbe da suka daɗe a ƙasa. Ana tsakiyar azumi ya cika. Haushin da na zo da shi ban san inda ya tafi ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan salla, 'yan'uwan maigidan mata suka ce ba za mu koma ba mu ga teku ba. Muka ɗunguma da yara da hantsi. Dada, gani ya kori ji. Ruwa ne ba shi da tsallake, yana tasowa ya daki ƙasa ya koma, ba ya hutawa. Masunta na jan koma suna waƙa. Muka shimfiɗa zannuwa a kan yashi, aka fito da ƙosai. Tun da muka bar gida ban ga mutuniyarki ta yi dariya irin ta ranar ba. Ta tarar da wuri, irin kuɗin da, zube a yashi, ta ce ke kika gaya mata da shi ake cefane kuna yara, za ta tara miki ki yi arziki.

In ruwan ya ja baya sai ta bi shi tana tsinta. Ni na fara hango wani babban ruwa ya taso daga nesa. Na miƙe na ce, ke yarinya. Yara mata sun fi goma a wurin, ba wadda ta san da ita nake. Na sake cewa, ke. Ga dangin miji zagaye da ni, sunan yana bakina, na ji nauyinsa. Ban san tsawon shirun da na yi ba, ƙila bai kai ƙiftawar ido ba, amma na yi shi. Sannan na buɗe murya na ce Ummu. Ga shi na rubuta, Hauwa'u, ki karanta yadda yake.

Ba ta juyo ba, Dada. Ta ji, don na ga ta ɗaga kai, amma wajen ubanta ta duba, can nesa wurin masunta. Ba ta taɓa jin sunanta da muryata ba, ba ta san ni ce ba. Ruwan ya rufe ta.

Sauran ba zan iya tsara miki ba. An ce na jefar da ɗankwali na shiga ruwa har wuya ina kiran sunanta, sai da mata biyu suka riƙe ni. Wani masunci, wanda ko gaisuwa ba ma ji da juna, shi ya faɗa ya fito da ita. Suka kifa ta suka danna, ta amayar da ruwa, ta yi tari. Na rungume ta a gaban surukai da arna da Musulmi, ina cewa ɗiyata, ɗiyata. Ban ga kowa ba.

Da ta dawo hayyacinta ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Adda, ashe kin san sunana?”

Na so ƙasa ta tsage. A ranar na gaya mata komai: wadda ta haife ta, da ɗakin da aka haife ta, da dalilin da ya sa nake kau da kai. Ta saurara har na gama. Tun daga nan tabarmata take kwana, hannunta riƙe da bakin zanena.

Na kusa salwantar miki da amana, kuma ba teku ce ta so cin ta ba, shiruna ne. Ki yafe mini. Za mu kamo hanya da zarar maigidan ya gama da sha'anin gidan.

Ɗiyarki,
Zahara'u

Tambuwal, bayan babbar salla

Zuwa ga Dada.

Gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Ina fatan kin ga ruwan farko lafiya, mu ma ya same mu a Jega. Hauwa'u, in akwai mutane a ɗakin, ki jira su fita.

Muna gidan Ɗanmaliki, abokin maigidan. Shi maigidan zai rigaye mu saboda gona, shi ne ma zai miƙa miki takardar nan, bai san abin da ke ciki ba. Zai ce miki ƙafata ce ta kumbura, ba na iya hawa jaki. Ya so ya taho miki da Ummu, na ce wa zai riƙe mini Atu. Dada, ƙafata lafiya lau. Tsumma na naɗa mata.

A hanyar dawowa na samu ɗiya. Ni na yi mata kitso a Lome, ni na cire mata haƙori a Faraku. Na gano tana tsoron kaza mai 'ya'ya, tana kuma waƙa in tana wanke kwano, irin waƙoƙinki. Duk ke kin san waɗannan tun tuni, ni sai bana. Har yanzu Adda take ce mini, bakinta ya saba, ban hana ta ba.

Na yi ta shirya maganar da zan roƙe ki da ita ki bar mini ita. Tun daga Gaya nake gyara ta. Amma tun da muka shigo ƙasarmu ba ta da zance sai naki: wa ke zura miki zare a allura, wa ke kai ki gidan suna. Jiya ta tsaya a ƙofar gida tana kallon hanyar Kebbe, ta ce mini, “Ni dai gida nika so, Dada na can ita ɗai.” Sai na haɗiye roƙona. Alƙawari kaya ne, kuma ko babu alƙawari ba zan raba makauniya da sandarta ba, balle yarinyar ta riga ta zaɓa. Ban ji haushinta ba. Zafi dai na ji, irin wanda ban ji ba ranar da kika ɗauke ta tana yaye, don a lokacin ban san abin da nake bayarwa ba.

Ran kasuwa mai zuwa za mu biyo 'yan Kebbe, in kawo miki ita har ɗaki, kafin iri ya shiga ƙasa. Kwanakin nan da suka rage ne na sata, ki bar mini su. In mun iso zan koma yadda kika san ni, in wuce ta a tsakar gida in kau da kai, kada a ce ɗiyar Dada ta je Kurmi ta zubar da kunya. Amma in wata rana kika ji bakina ya kuɓuce na kira ta a gaban mutane, don Allah ki yi kamar ba ki ji ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarki,
Zahara'u