Takardar Da Na Ɓoye A Gafaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Asabe.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina rubuto miki ne a kan ɗiyarki Balkisu. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma na saɓa maganar da kika bar mini, kuma ba na so in saɓa ta a ɓoye, shi ya sa na rubuta inda mutane za su gani.

Kin tuna ranar da kika iso gidana a Rikoto daga ƙauyenku na bayan Ribah, bayan 'yan bindiga sun tashe ku. Ƙunshi ɗaya ne a kanki, Balkisu tana riƙe da bakin zanenki, ƙafafunta duk ƙaya. Daga wannan tafiyar ba ki ƙara lafiya ba. Kwana biyu kafin ki cika kika kama hannuna kika ce, "Hajara, ki riƙe mini ita. Kada ki bari ta sake taka hanyar can." Na ce to. Ban taɓa cewa to ga wani abu da zuciya ɗaya kamar ranar ba.

Yaya, ɗiyarki ta girma. Ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta miƙa takardunta, tana jiran a tura ta inda za ta fara aiki. Mako biyu da suka wuce Baba Soja, maƙwabcinmu mutumin Dabai da ke gadi a ofishin ma'aikatar lafiya, ya kawo takardarta. Tana kasuwa, sai ya ba ni a ƙofar gida ya ce, "Maman Balkisu, albishir ne, sai goro." Ba na jin Turanci, amma na iya haɗa baƙi. Na ga sunan Ribah a tsakiyar takardar, na gane can aka tura ta.

Ina jin kunyar faɗa miki abin da na yi. Na rasa inda zan sa ta a gidan nan Balkisu ba ta gani ba, don ita ke shara, ita ke jera kaya. Wuri ɗaya ne ba ta taɓawa: gafakar Alƙur'anin da Babanmu ya bar mini, mai warƙa a warwatse. Sai na yi alwala, na kwance igiyar, na tura takardar a tsakanin warƙoƙi. Ki duba fa, Yaya. Alwala na yi don in ɓoye haƙƙin marainiya.

Kin san ni da tsoron ƙarya, to ban yi ta da baki ba. In ta ce, "Inna, ba wanda ya kawo mini saƙo?" sai in ce, "Je ki duba tukunyar can kada ta kama." In ta ce ƙawayenta duk sun karɓi tasu, sai in ce komai da lokacinsa. Kwana tara ina haka. Ban iya buɗe gafakar ba, sai da ka nake karatun safe, shi ma ina tuntuɓe a surorin da na haddace tun ina ƙarama. Kuma na ji a bakinta cewa wanda bai je wurin aikinsa ba kafin Litinin mai zuwa ta wuce, za a ba wani gurbinsa.

Sai maganar fim ta shigo. Balkisu da Rahila, ɗiyar Baba Soja, sun daɗe suna karanta wasu littattafan Turanci na samari da 'yan mata, labarin duniya bayan ta lalace. Suna musayarsu har bangon ya yage. Da aka mayar da labarin fim, Rahila ta je wurin masu tura fina-finai a kasuwa aka sa mata mai fassarar Hausa a waya. Ni ban saba kallo ba, kin sani. Amma ranar Juma'a bayan la'asar Balkisu ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta jingina wayar da kwano, ta ce, "Inna, wanga dai sai kin kalla da ni. Babu rawa, babu tsiraici, na duba miki."

Labarin wasu mutane ne da suka tsira daga annoba suka hau kan dutse suka yi gari. Gada ɗaya ce ke sauka ƙasa, kuma wata dattijuwa ce ke riƙe da makullinta. Tana gaya wa yaran garin cewa ba kowa a ƙasa sai gawa, alhali akwai mutane da rai suna neman taimako. Mai fassarar ya raɗa mata suna Tsohuwar Banza. Duk inda ta fito sai ya ce, "Ga ta nan kuma, mai baƙin ciki da ƙafar mutane!" Rahila na dariya har da hawaye. Ni kuwa carbina ya tsaya a hannuna.

Da aka gama, Rahila ta tafi, Balkisu ta ce masu fim sun cuci matar. Wai a littafin an ba ta babi guda, an faɗi yadda ta binne 'ya'yanta huɗu a ƙasan dutsen kafin ta hau, an nuna ba mugunta ce ta sa ta rufe gadar ba. A fim kuwa sun yanke duk wannan, sun bar ta da murtukakkiyar fuska kawai, don masu kallo su sami wanda za su tsana. Ta ce, "Ni na yi mata kuka a littafin, Inna." Ta hau naɗe tabarma, ba ta kalle ni ba. Sannan ta ce, "Amma ko a littafin, ai ba nata ba ne abin da ta ɓoye."

Kwana biyu ina juya maganar nan. Na auna alkawarin da na yi miki, na auna haƙƙinta. Na tambayi kaina ko wasiyyar uwa tana halatta mini in danne abin da ke na ɗiyar da ta mallaki hankalin kanta. Na so ƙwarai in sami amsar da za ta bar ta a gida. Ban samu ba.

Jiya Lahadi da hantsi na kira ta ɗaki, na kwance gafakar a gabanta, na ba ta takardarta. Na gaya mata abin da kika ce mini, kalma da kalma. Ba ta yi mamaki ba. Ashe Baba Soja ya tare ta tun kwana uku da kawo takardar, yana tsokanarta ina goronsa. Ta san tana hannuna. Tana iya zuwa ofis a sake ba ta wata, amma ba ta je ba. Ta ce, "Na fi so in karɓa daga hannunki. Da ba ki ba ni ba, da na haƙura, amma ban san yadda zan riƙa kallonki ba."

Na roƙe ta ta nemi canjin wuri. Ta ce matan can ma suna haihuwa, kuma da akwai mai duba ki kusa a lokacin, wataƙila da ciwonki bai kai inda ya kai ba. 

Yau da safe ta hau mashin tare da wasu ma'aikata biyu. Baba Soja ne ya zaɓo mai mashin ɗin da kansa, ya ce ya san hanya, ya san lokacin da ake bin ta. Na tofa mata abin da na sani, na daidaita mata hijabi. Ta ce da ta isa za ta kira.

Yanzu an yi azahar, ba ta kira ba. Na kira sau biyar, wayar ba ta shiga. Rahila ta leƙo ta ce can wurin haka yake, sai an hau tudu ake samun layi. Na yarda da ita, amma na kasa cin abinci, kuma duk mashin da ya tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa.

Yaya, ki yafe mini. Rabin farko na maganarki na riƙe iyakar ƙarfina. Rabi na biyu na sake shi da hannuna, ina sane, ba wanda ya tilasta ni. In ta isa lafiya, ɗiyarki ce ta yi abin alheri. In wani abu ya same ta a hanyar nan, ni ce zan tsaya gabanki in amsa, ba ita ba.

Allah Ya tsare ta gaba da baya, Ya makantar da idon mugu daga kanta da abokan tafiyarta. Allah Ya kwantar da ƙasarmu, Ya mayar da kowa gonarsa. Allah Ya jiƙan ki, Ya sada mu a inda ba a gudu.

Ƙanwarki da ke zaune kusa da waya,
Hajara